Tsohon kiɗa a hannun sababbin makaɗa: muhawara a kan rokabili da pank

Habu Barlin:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma na ga ya dace in kawo ta nan, domin na san a cikinmu akwai waɗanda suka fi ni sanin kiɗe-kiɗen Amurka da Turai nesa ba kusa ba. Wani abokin aikina Bajamushe, wanda muke aikin wayarin tare, ya daɗe yana roƙona in raka shi kallon wasu makaɗa da yake ƙauna, to a daren Asabar na bi shi zuwa wani ɗaki da ke ƙarƙashin ƙasa a nan Barlin, ɗakin da ko an cusa mutane ba zai ɗauki ɗari biyu ba. Makaɗan su uku ne kacal: mai jita wanda shi ne kuma mawaƙin, da mai ganguna, da wani mai ƙaton goge na katako da ake tsayarwa a ƙasa, wanda tsawonsa ya kai na mutum, suna kiran sa bes.

Hannun wannan na ukun na yi ta kallo har aka tashi. Ba gogawa yake yi ba kamar yadda masu goge suke yi a wurinmu. Yakan saƙala yatsu ya fizgo tsirkiya, ya sake ta ta koma ta daki katako, sannan ya mari tsirkiyoyin da tafin hannu kafin ya sake fizgowa, sai ka ji sauti biyu suna fita daga abu ɗaya, ɗaya mai kauri da kake jin sa a ƙirjinka, ɗaya kuma ƙas-ƙas kamar ana faskare da sauri. Ya naɗe yatsunsa uku da farar filasta, kuma kafin su kai rabin wasa filastar ta yi baƙi ta fara warwarewa, ya sa haƙori ya yanke abin da ya sako ya ci gaba.

Abokina ya ce ana kiran wannan kiɗa saikobili, wato an gauraya rokabili, tsohon kiɗan rok na kudancin Amurka na shekarun 1950, da pank, kiɗan rok mai sauri da hayaniya na ƙarshen shekarun 1970. Da na koma gida na yi kwana biyu ina sauraron tsofaffin waƙoƙin rokabili a YouTube, ina kwatanta su da na waɗannan samarin, da kuma na wasu makaɗan zamani masu kwaikwayon tsohon salon daidai wa daida, har da aski da sutura. A kunnena, masu hayaniyar nan ta ƙarƙashin ƙasa sun fi kusa da rokabili na farko da aka yi a birnin Memfis na Amurka a 1954 a kan masu gogaggen kwaikwayo, duk da cewa sun ninka saurin kiɗan. Tsofaffin faya-fayan suna da wani irin rashin natsuwa, kamar na matashin da ya san bai ƙware ba amma ya ƙudurta sai an ji shi, kuma shi na ji a ɗakin nan. Ina neman ra'ayinku: shin wannan gauraya raya gado ce, ko kuwa ɓata kayan magabata?

Malam Ɗanjuma:

Wa alaikumus salam, Habu, Allah ya yi maka albarka da ka tayar da wannan magana. Na fara tara faya-fayan garmaho tun ina saurayi, kuma har yau akwai wasu a akwati da ban yarda jikokina su taɓa ba, saboda haka ka yi mini haƙuri idan na tsawaita.

Kunnenka bai yaudare ka ba game da rashin natsuwar da ka ji. Shi kansa sunan rokabili haɗi ne na kalmar rok da wani laƙabin raini da mutanen birni suke yi wa talakawan fararen fata mazauna tsaunukan kudancin Amurka, kusan kamar a ce baƙauye. A watan Yulin 1954, a ɗan ƙaramin ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Sun da ke Memfis a jihar Tenesi, mai kamfanin, Sam Phillips, ya haɗa Elvis Presley, wanda a lokacin direban motar kamfani ne ɗan shekara 19, da Scotty Moore mai jita da Bill Black mai bes. Babu mai ganguna a cikinsu, shi ya sa marin da Bill Black yake yi wa tsirkiya ya zama dole, domin shi yake riƙe musu bugun kiɗan. Carl Perkins da Johnny Cash da Jerry Lee Lewis duk sun bi ta wannan ɗakin daga baya. Amma zamanin bai daɗe ba. A watan Nuwamban 1955 Phillips ya sayar wa kamfanin RCA kwantiragin Elvis a kan dala 35,000, a 1958 aka ɗauki Elvis aikin soja, a watan Afrilun 1960 kuma Eddie Cochran ya rasu sakamakon haɗarin mota a Ingila yana da shekara 21, Gene Vincent da suke tare a motar ya ji rauni. Kafin a kai nan manyan kamfanoni sun riga sun wanke kiɗan sun goge shi yadda iyaye za su yarda 'ya'yansu su saya.

Inda na rabu da kai shi ne maganar gado. Tushiya mafarin dawa, kuma tushiyar wannan kiɗa ba a 1954 take ba. Waƙar da Elvis ya fara fita da ita, That's All Right, ta Arthur Crudup ce, baƙar fata ɗan jihar Misisifi, wanda ya ɗauke ta tun 1946, ya kuma rasu a 1974 bai ci moriyar haƙƙinsa yadda ya kamata ba. Marin tsirkiyar da ya burge ka, makaɗan jaz baƙaƙen fata na New Orleans irin su Pops Foster da Wellman Braud suna yin sa tun shekarun 1920, Willie Dixon kuma ya shahara da shi a Shikago. Da kiɗan ya tsallaka Ingila, wasu daga cikin samarin da suka rungume shi, waɗanda ake kira Teddy Boys, suna cikin waɗanda suka far wa baƙaƙen fata 'yan Karibiyan a unguwar Notting Hill ta Landan a 1958, kuma shekaru da dama bayan haka ana ganin tutar jihohin kudancin Amurka da suka yi yaƙi don kare bauta a jikin rigunan wasu masoya rokabili. To idan aka ce samarin Barlin sun raya gado, ni tambayata ita ce, gadon wa, kuma sun san sunan wanda suke gada?

Ummi Kaduna:

Baba Ɗanjuma, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, mun ƙaru ƙwarai. Ni tambayata ƙarama ce, kuma ina ganin Injiniya Sale ne zai iya warware mini ita. Na je na saurari faifan 1954 da kuka ambata, sai na ji muryar tana dawowa nan take a bayan kanta, kamar mutum yana waƙa a ɗakin da aka kwashe kayansa. Na kuma ji irin wannan a waƙoƙin sababbin ƙungiyoyin. Shin ɗakin ne yake da amsa-kuwwa, ko da gangan ake yin ta?

Injiniya Sale:

Ƙanwata Ummi, kin taɓo sana'ata, domin na kusa shekara ashirin ina ɗaukar sauti a Jos. Da gangan ake yin ta. Sam Phillips yana da rikoda biyu masu tef samfurin Ampex. A jikin irin wannan na'ura akwai kan da yake rubuta sauti a jikin tef, akwai kuma wanda yake karanta shi, kuma tsakaninsu akwai 'yar tazara. Idan tef yana tafiya, abin da aka rubuta yana isa wurin karatu bayan kimanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Phillips yakan ɗauko wannan sautin da ya makara ya haɗa shi da na asali a ɗaya rikodar, sai murya ta fito da inuwarta a bayanta sau ɗaya tak. Shi ya sa mutum uku suke cika kunne kamar su shida ne.

Akwai abin da nake so in ƙara wa Malam Habu, domin yana ƙarfafa maganarsa. Gurɓataccen sautin jita da mutane suke ɗauka pank ne ya kawo shi ya girmi pank da fiye da shekara ashirin. A 1951, a wannan ɗakin na Phillips, makaɗan Ike Turner sun zo da amfilifaya da ta lalace a hanya, aka cusa mata takarda aka ɗauki waƙar Rocket 88 a haka, jitar tana gurnani. A 1958 wani mai jita, Link Wray, ya ɗauki fensir ya huhhuda lasifikar amfilifayarsa don ya sami irin wannan ƙarar, ya fitar da wani kiɗa da babu ko kalma ɗaya a cikinsa, amma duk da haka wasu gidajen rediyon Amurka suka ƙi sa shi don tsoron kada ya tunzura matasa. Abin da 'yan saikobili suka ƙara na zamani shi ne hanyar da za a ji bes na katako a tsakiyar ganguna da jita mai ƙara. Sukan maƙala masa na'urar ɗaukar sauti biyu, ɗaya kusa da inda tsirkiyoyi suke zaune don sautin mai kauri, ɗaya kuma a ƙarƙashin dogon katakon da yatsu suke dannawa don ƙas-ƙas ɗin da Malam Habu ya ji. Magabata da tsirkiyar hanji suke aiki, na yanzu kuwa wasu ta roba suke sawa, wasu ta ƙarfe, wadda ita ce ta fi cin yatsu.

Na taɓa gwada abin da kaina. Wasu matasa uku sun zo wurina suna son waƙarsu ta fito kamar tsohon faifai. Na ɗauki kowannensu shi kaɗai kamar yadda muka saba, na daidaita bugun a kwamfuta, na share duk wani kuskure, sannan na ɗora manhajar da take kwaikwayon amsa-kuwwar tef har da shuuu ɗinsa. Da muka saurara babu wanda ya ce uffan, domin komai yana wurinsa amma waƙar ba ta motsa kowa ba. Washegari na tara su a ɗaki ɗaya, na kafa makirufo biyu kawai, na ce duk wanda ya yi kuskure ya wuce kada ya tsaya. A ɗauka ta uku mai ganguna ya ɗan yi gaba da sauri a tsakiya, sauran suka bi shi a guje, kuma ita muka ajiye. Tun daga ranar na yarda cewa abin da muke ji a tsofaffin faya-fayan nan mutane ne suke kallon juna suna kiɗa a lokaci ɗaya, na'urar kuwa taimako kawai take yi.

Maman Ilham:

Na gode wa Injiniya da Baba Ɗanjuma, bayanansu sun gamsar. Sai dai akwai ɓangaren da ba a taɓa ba, kuma ni shi ya fi damuna. Bayan na karanta saƙon Malam Habu na duba hotunan waɗannan ƙungiyoyi, na ga wata ta ƙasar Denmak mai suna Nekromantix, wadda aka kafa a Kofenhegin a 1989, shugabanta ya ƙera bes ɗinsa da siffar akwatin gawa. Waƙoƙin da yawa a kan kaburbura suke da gawawwaki da kisan kai, wasu makaɗan har shafa wa fuskarsu launi suke yi su yi kama da matattu. Duk wanda ya taɓa zama a gidan rasuwa ya ga an fito da makara ba zai iya ɗaukar wannan a matsayin ado ba.

Na biyu shi ne sunan. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekara takwas a sashen masu taɓin hankali, kuma na san kalmar da aka ɗauko farkon saikobili daga gare ta zagi ce da ake jifan marasa lafiyarmu da ita a Turanci. Na ga uwa ta kawo ɗanta da daddare ta rufe masa fuska da mayafi don kada maƙwabta su gane shi. Idan wasu samari masu lafiya suka mayar da wannan lalura tambarin kiɗa suna sayar da riguna da ita, ban ga yadda zan kira abin raya gado ba, ko da kuwa sautin ya yi daɗi.

Aminu Manchesta:

Anti Maman Ilham, ina girmama abin da kika faɗa, kuma ba zan ce babu gaskiya a cikinsa ba. Zan kawo abin da na sani ne kawai game da asalin sunan, domin na yi shekara uku ina karatu a nan Ingila ina kuma bibiyar wannan kiɗa. Kalmar ta fito a wata waƙa da Johnny Cash ya yi a 1976, labarin wani ma'aikacin masana'antar motoci da ya yi shekaru yana fitar da kayan mota ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ya harhaɗa wata mota da babu ɓangarenta biyu da suka fito a shekara ɗaya. Wannan motar ce aka siffanta da kalmar. A shekarar ce kuma ƙungiyar The Cramps ta fara wasa a Niyok, a gidan CBGB inda su Ramones suke kiɗa, suka ari kalmar suka riƙa bugawa a takardun tallan wasansu. Waɗanda suka kafa ta, Lux Interior da Poison Ivy, masu yawon shagunan tsofaffin kaya ne a jihar Ohayo suna tsintar faya-fayan da aka watsar. A watan Yunin 1978 sun je asibitin masu taɓin hankali na Napa a Kalifoniya sun yi wasa kyauta, kuma hoton bidiyon yana nan, marasa lafiya suna rawa a tsakiyar makaɗan, wasu har suna karɓar makirufo. Akwatin gawa kuwa, Screamin' Jay Hawkins, wanda baƙar fata ne, tun shekarun 1950 yake fitowa daga cikinsa a gaban 'yan kallo.

Baba Ɗanjuma, game da tambayarka ta ko sun san wanda suke gada, ina ganin 'yan pank sun fi kowa komawa neman tsofaffin. The Cramps sun tafi har Memfis suka ɗauki kundinsu na farko, wanda ya fito a 1980, a ɗakin ɗaukar sauti na Sam Phillips. Robert Gordon, wanda ya fito daga wata ƙungiyar pank ta Niyok, ya nemo Link Wray suka yi faifai tare a 1977. Miriam Linna, wadda ta taɓa kaɗa wa The Cramps ganguna, ita da Billy Miller sun kafa kamfanin Norton a 1986, suka fara da fitar da waƙoƙin Hasil Adkins, wani mutumin West Virginia da yake kaɗa jita da ganguna yana waƙa shi kaɗai, wanda kusan an manta da shi.

A nan Ingila labarin ya fi ɗaukar hankali. Shagon da ke lamba 430 a titin King's Road na Landan, wanda Malcolm McLaren da Vivienne Westwood suka buɗe a 1971 suna sayar wa Teddy Boys sutura, daga cikinsa ƙungiyar Sex Pistols ta fito bayan shekara huɗu. Duk da haka a 1977 Teddy Boys da 'yan pank sun yi ta ba hamata iska a wannan titin. Bayan shekara uku The Meteors suka fito daga kudancin Landan suka haɗa kiɗan ɓangarorin biyu, masu ra'ayin riƙau na rokabili suka juya musu baya, sai suka tara nasu jama'ar. Daga 1982 zuwa 1988 wani dandali mai suna Klub Foot a otal ɗin Clarendon da ke Hammersmith ya zama matattararsu, kuma a tsakanin waɗannan shekarun ne Batmobile ta fito a Rotadam ta ƙasar Holan a 1983, Mad Sin kuma a Barlin a 1987. Tun farko suka kafa al'adar cewa ba a kawo siyasa wurin wasa, domin a lokacin rikicin masu wariyar launin fata da masu adawa da su yana tarwatsa wasanni da yawa.

Maman Ilham:

Aminu, na gode, na je na kalli bidiyon asibitin har ƙarshe. Na ga babu shinge tsakanin makaɗan da marasa lafiyar, kuma ban ga alamar ƙyama a fuskarsu ba, wannan kam na yaba, domin na san mutane da yawa masu ilimi da ba za su iya zama kusa da majinyatanmu na minti biyar ba. Sai dai a matsayina na ma'aikaciyar jinya dole in tambayi ko an nemi yardar waɗanda aka ɗauka a hoton, tunda ga shi bayan fiye da shekara arba'in muna kallon fuskokinsu. Maganar akwatin gawa kuwa ina nan a kan bakana, daɗewar abu ba ta mayar da shi daidai. Abin da ban zata ba shi ne ganin mace ce, wato Poison Ivy, take riƙe da babbar jitar ƙungiyar, na kuma karanta cewa daga baya ita ta riƙa kula da ɗaukar faya-fayansu da harkokin kasuwancinsu.

Ɗan Damagaram:

Ina bin muhawarar daga Zinder, kuma maganar Injiniya ta tuna mini da wani abu na kusa da mu. A 2013 Bombino, makaɗin jita na Agadez, ya fitar da kundi mai suna Nomad wanda Dan Auerbach na ƙungiyar The Black Keys ya shirya masa a Nashbil, a jihar Tenesi ɗin nan da ake ta ambata. Auerbach yana cikin masu ƙaunar tsohon sautin Amurka, kuma ana jin hannunsa a kundin. Na ji daɗinsa, amma na taɓa tsayawa a wurin biki inda masu jita suke kiɗa da ƙaramar amfilifaya da janareta, mata suna tafi suna guɗa, kuma abin da na ji a ranar ban same shi a faifai ba. Saboda haka na fahimci abin da Malam Habu yake nufi da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ina kuma ganin wanda bai shiga irin ɗakin ba zai yi wuya ya yi wa kiɗan adalci.

Malam Ɗanjuma:

Aminu ɗana, ka yi karatu kuma ka kawo hujja, na karɓi maganar cewa 'yan pank sun tono tsofaffin da kasuwa ta binne. Wannan alheri ne, kuma na sani Link Wray ya ci gaba da hawa dandamali har tsufansa saboda irin waɗannan matasa. Amma ka duba sunayen da ka lissafa, kusan duka daga ɓangare ɗaya na tushiyar suke. Sannan al'adar hana siyasa da ka ambata ba ta kwanta mini ba. Na fahimci dalilinta, babu mai son a fasa masa wasa da kwalabe, sai dai 'yan shekaru kaɗan kafin haka ne The Clash, waɗanda su ma 'yan pank ne masu son tsohon rok, suka hau dandamali a Victoria Park ta Landan a watan Afrilun 1978 a gangamin yaƙi da wariyar launin fata, a gaban dubban mutane. Wato zaɓi biyu ne a gaban matasan wancan zamani, wasu suka yi magana, wasu suka ce kiɗa kawai suka zo yi. Wanda yake cin abinci da marin tsirkiyar da baƙar fata ya ƙirƙira, idan aka zo ana dukan baƙar fata a ƙofar gidan wasan, shirunsa yana da nauyi. Ban ce a daina sauraron su ba, ni kaina jiya na saurari The Meteors kuma ƙafata ta motsa, amma ba zan ba su sunan magada ba sai na ji sun ambaci iyayen gidan.

Aminu Manchesta:

Baba, na amince da yawancin abin da ka ce, gyara biyu kawai zan nemi izinin yi. Link Wray ya sha faɗin cewa mahaifiyarsa 'yar ƙabilar Shawnee ce ta 'yan asalin Amurka, kuma ya ba da labarin tsoron 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu wariyar launin fata, da iyalinsa suka yi fama da shi yana yaro a North Carolina. Kamfanin Norton kuma ya fitar da waƙoƙin Esquerita, baƙar fata mai kaɗa fiyano wanda Little Richard da kansa ya ce ya koya a wurinsa. Yau ma idan ka je wasan saikobili a Los Anjalis, da yawa daga cikin masu cika ɗakin 'ya'yan 'yan Meziko ne, a birnin Kuritiba na Birazil kuma suna da bikinsu na shekara-shekara a lokacin shagalin Carnival na ƙasar. Jama'ar ta sauya fiye da yadda take a Hammersmith.

Habu Barlin:

Na gode muku duka, na karanta kowane saƙo fiye da sau ɗaya. Tambayar Baba Ɗanjuma ta hana ni sakat, saboda haka ranar Litinin muna cikin motar aiki na tambayi abokina ko ya san Arthur Crudup. Ya yi shiru, ya ce bai taɓa jin sunan ba, alhali waƙar Elvis ɗin ya haddace ta tun yana yaro. Willie Dixon kuwa ya san shi sarai, har ya ce mai bes ɗin da muka kalla yana da hotonsa manne a bayan gogensa. Na buɗe masa faifan Crudup na 1946 a wayata, muka saurara muna tsaye a danja, da ya ƙare ya ce in maimaita, sannan ya tura wa mawaƙin ƙungiyar, wanda ɗan unguwarsu ne.

Har yanzu ina kan ra'ayina cewa zafin da ke cikin faifan 1954 a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na same shi, ban same shi a wurin masu gogaggen kwaikwayo ba. Amma na janye kalmar gado har sai na ga abin da za su yi da waƙar da aka tura musu. Maganar Maman Ilham ma na faɗa masa, ya ce su fina-finan ban tsoro na da suke kwaikwayo, na ce masa a wurinmu makara ba ta shiga wasa, ya gyaɗa kai bai yi musu ba. Za su sake wasa a ƙarshen wata mai zuwa kuma ya ce zai gabatar da ni ga mai bes ɗin.

Injiniya Sale:

Malam Habu, idan Allah ya kai mu ka je, ina roƙon alfarma ɗaya. Ka leƙa ƙarƙashin dogon katakon bes ɗin ka ga inda ya maƙala na'urar ta biyu, kusa da ƙarshensa ne ko can sama wajen wuya, ka kuma tambaye shi ko tsirkiyar roba yake sawa ko ta ƙarfe. Akwai wani tsohon bes da aka jingine a bayan wata majami'a a nan Jos, an ce in ɗauka idan zan iya gyara shi.